Haɗa jerin haruffa uku a harshen C: me ya sa strcat ke kashe mini manhaja?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙaramar manhaja da harshen C wadda take haɗa sunan jaka, alamar / da sunan fayil su zama jeri guda. Na ware ma'aji (wurin ajiye haruffa a ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai bayit 32, na kira strcpy mai kwafar jeri sau ɗaya, sannan strcat mai liƙa jeri a ƙarshen wani sau biyu. Da gajerun sunaye komai lafiya lau, amma da na ba ta dogon suna sai ta mutu nan take. Malamai, ina kuskuren yake?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ai strcat ba ta san girman ma'ajinka ba. Zuba haruffa kawai take yi har ta ci karo da bayit ɗin sifili da ke rufe jerin, ko da ta tsallake iyaka ta taka abin da ke maƙwabtaka. Mutuwar da manhajar ta yi ma sa'a ce, domin wani lokaci sai ta ci gaba da aiki da gurɓatattun bayanai ba ka sani ba. Ka auna kowane jeri da strlen, ka tara, ka ƙara ɗaya saboda sifilin, sannan ka nemi wurin da malloc, mai ware wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ni dai na fi son snprintf mai tsara rubutu a cikin ma'aji, wadda ta shigo da C99, ƙa'idar harshen C ta 1999, don kuwa tana karɓar girman ma'aji, kuma tana dawo da tsawon da ake bukata. Idan ya kai girman ko ya wuce, an datse rubutun.

Malama Injiniya:
Ƙari a kan bayanin Malam: duk kiran strcat sai ta faro daga farkon ma'aji tana laluben ƙarshe. A jeri uku ba komai, amma a jeri 10,000 aikin zai yi ta nauyi. Gara ka riƙe manuni (pointer, mai riƙe adireshin wuri a ƙwaƙwalwa) a inda ka tsaya, ka kwafa da memcpy mai kwafar adadin bayit da ka faɗa mata, ka matsar da shi gaba. Ka kuma kula cewa strlen bayit take ƙirgawa, ba haruffa ba: a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a bayit, kalmar "ƙasa" bayit 5 ce, saboda ƙ tana cin biyu.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To strncat fa, 'yar'uwar strcat mai karɓar iyaka, ba za ta wadatar ba?

Tsohon Hannu:
Da sharaɗi. Lambar da kake ba ta iyakar haruffan da za a ƙara ce, ba girman ma'ajin ba, kuma tana ɗora sifili bayansu, saboda haka sai ka ɗebe tsawon abin da ke ciki daga girman ma'ajin ka kuma rage ɗaya.