Ba a fafe gora ranar tafiya: ko ta dace da zaɓen fid da gwani?

Ɗan Rimi: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i muna majalisa ana hirar zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa na APC a 2022, sai wani dattijo ya ce shi duk abin da ya faru a dandalin Eagle Square na Abuja karin magana ɗaya ce ta bayyana shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Wai Tinubu ya daɗe da fafe nasa, Osinbajo kuwa sai da ayari ya ɗaure kaya sannan ya fita neman wuƙa. Maganar ta tsaya min a rai har na kwanta. Don Allah masana, haka ake amfani da ita? Kuma ta dace a nan?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta dace sosai. Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, da shi aka haɗa APC a 2013, ya mara wa Buhari baya a zaɓen fid da gwanin APC na 2014 lokacin da Buhari ya samu ƙuri'a 3,430 ya kada Kwankwaso da Atiku a Legas, kuma tun Janairun 2022 ya je fadar shugaban ƙasa ya faɗi ƙudurinsa. Osinbajo sai a Afrilu ya fito. To ka dubi sakamako, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Wannan ratar ai ba a dare ɗaya ake gina ta ba.

Hajiya Mai Koko: Malam ka yi haƙuri zan ɗan sa baki, don yawancin yaran yanzu ba su taɓa ganin ana fafe gora ba shi ya sa suke ɗauka ma'anarta kawai ka tashi da wuri ne. Ni na ga kakata tana yi a ƙauyenmu, Allah ya jiƙanta. Za ta yanke bakin goran, ta sa tsinke ta yi ta ƙwaƙulo 'ya'yan da totuwar ciki, wannan ai aikin yini guda ne bai taka kara ya karya ba, amma daga nan sai ta cika shi da ruwa ta ajiye a bayan ɗaki, kullum ta zubar ta sake wani, ta ɗanɗana ta tofar, har sai ɗacin ya fita gaba ɗaya. In ka fafe yau ka kama hanya yau, kana da gora kana da ruwa amma ba ya shawuwa. To abin da maganar take nufi kenan, ɗacin nan. A siyasa kuwa ɗacin shi ne mutanen da ka ɓata wa rai.

Ɗan Rimi: Kai Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kallonta ta nan ba.

Abban Walida: Ni fa ban yarda ta dace ko'ina ba. Peter Obi fa? Saura 'yan kwanaki a yi zaɓen fid da gwanin PDP ya fice ya koma Labour, jam'iyyar da a lokacin ba ta da gwamna ko ɗaya, amma a babban zaɓe ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 har Legas ya ci. In wannan ba fafe gora ranar tafiya ba ne to mene ne? Kuma ku tuna daren 28 ga Mayu a filin wasa na Abuja, ana gab da fara ƙuri'ar fid da gwanin PDP Tambuwal ya hau mumbari ya ce ya janye wa Atiku, Atiku ya tashi da 371 Wike 237. Minti nawa abin ya ɗauka?

Malam Na Zariya: Abban Walida, hawa mumbarin ne ya ɗauki mintuna. Atiku tun 1993 a Jos yake cikin wannan harka, ya san gidan kowane jigo a kowace jiha, mutum ba ya janye wa baƙo. Shi kuma Obi ai ficewarsa ma hujja ce a gare mu, ya duba ya ga wakilai ba nasa ba ne. Farin jini a wurin matasa daban, daliget daban. A shekarar ma zaɓaɓɓun wakilai kaɗai suka yi ƙuri'a, PDP mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC mutum uku, kuma kowa ya san gwamna ne ke riƙe da akalarsu.

Baba Sojan Gona: Ni abin da yake min ciwo kenan 'ya'yana. Kuna ta cewa shiri shiri, wane irin shiri? Fom ɗin APC naira miliyan 100, na PDP miliyan 40. A unguwarmu akwai wanda aka zaɓa daliget, mutumin da babur ɗinsa sai an tura yake tashi, makon nan wayarsa ba ta huta ba har a masallaci sai ya kashe ta, ya dawo daga Abuja ya sake rufin gidansa, mu da muka tura shi ko tambayarmu bai yi ba wa muke so. Kada mu ɗauki maganar kakanninmu mai tsafta mu lulluɓe ciniki da ita. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya sayi tikiti sai ya mayar da kuɗinsa daga jikinmu.

Abban Walida: Baba gaskiyarka, amma in kuɗi ne kaɗai ai Wike ma ba matalauci ba ne. Kuma ranar 6 ga Yuni shugaban APC na lokacin Abdullahi Adamu ya fito da sunan Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, ga kujerar shugaban majalisar dattawa ga shugaban jam'iyya a bayansa, gwamnonin Arewa suka ce atafau mulki Kudu zai koma. A nan kam na sallama, wannan shi ne fafe gora ranar tafiya na ainihi. Badaru na Jigawa da Fayemi da Akpabio duk a filin suka janye wa Tinubu.

Hajiya Mai Koko: To ku dawo kan ɗacin da na ce. Atiku ya ci tikiti lafiya lau, amma ya ɗauki Okowa mataimaki, rigimarsa da Wike ba ta mutu ba, gwamnonin PDP biyar suka juya masa baya har ranar zaɓe, ga Obi ya tafi ga Kwankwaso ya tafi NNPP ya kwashe Kano. Atiku ya samu kusan miliyan 7, Tinubu miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu. Shekara talatin Atiku yana fafe gora, amma ruwan da ya ɗauka ya kama hanya da ɗacinsa.

Ɗan Rimi: Hajiya to in haka ne ranar tafiyar wacce ce, ranar fid da gwani ko ranar babban zaɓe? Don dattijon namu ta farko yake nufi, ke kuma na ji kamar ta biyu kike nufi. Gobe in Allah ya kai mu zan kai masa maganar ɗacin nan bayan isha'i in ji me zai ce.