Bayan aiki da gashi: ya kuka yi da tsoron dawowar sankarar mama?

Ƙanwarku daga Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da aka cire mini ƙullutu a nonon hagu. Likita ya ce an tare shi da wuri, mataki na 1, bai kai ga kaluluwar hammata ba. Gida kowa ya yi hamdala, an rufe zancen. Ni kuwa duk wanka sai na tsaya ina shafa tabon ɗinkin, gabana na faɗuwa. Yayyena da kuka riga ni, ya kuka yi?

Hajiya daga Daura:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Shekarata 7 da aiki, a asibitin Shika da ke Zariya aka yi mini gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Tsoron nan na sha shi, har barci ya ƙaurace mini. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ranar da na zaunar da likita na ce ya gaya mini irin nawa. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Nawa mai cin sinadarin mata ne, shi ya sa aka ɗora ni kan ƙwayar Tamoxifen shekara 5, daga baya aka ce in cike 10, don irinsa yana iya lafawa ya daɗe kafin ya motsa. Da azumi bayan shan ruwa nake sha, kwalin na cikin kwanon dabinona don kar in manta.

Malama daga Dutsin-ma:
Hajiya ta yi gaskiya. Nawa ƙwayar ba ta yi masa aiki, kemo aka yi mini, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. An ce irinsa in zai dawo, galibi cikin shekara 3 zuwa 5 na farko ne. Ina cikin ta huɗu. Asibiti duk wata 6, hoton nono sau ɗaya a shekara, ko ranar biki ce ba na ɗagawa.

Wani magidanci daga Mai'adua:
Ku gafarce ni iyayena mata, na shigo cikinku. Uwargidana ta bar ƙwayar a shekara ta biyu saboda zafin jiki da zufar dare, dangi kuma suna ta cewa ai ta warke. Ni ma na yi shiru, wannan yana ci mini rai har yau. Sai ciwon baya ya kama ta, wata uku muna shafa man zafi. Da aka yi hoto, ashe ciwon ne ya dawo, a ƙashi yake. Tana kan magani yanzu, muna neman addu'arku.

Hajiya daga Daura:
Allah Ya ba ta lafiya, Malam, Ya saka maka da wannan faɗakarwa. Ɗiyata, ciwon ƙashi ko tarin da ya ƙi tafiya, sabon ƙulli kusa da tabon, ko zubar jini ta gaba wanda ba na al'ada ba alhali kina kan ƙwayar, kar ki jira ranar da aka rubuta miki.

Ƙanwarku daga Ƙofar Marusa:
Amin. Wallahi ban ma san irin nawa ba. Takardar gwajin na cikin akwati, Litinin zan ɗauke ta in tafi da yayata.