Waɗanne alamomi zan bari a allon jirgin sama na G1000 lokacin tuƙi cikin gajimare?

Ɗalibin_IFR: Assalamu alaikum manyanmu. A jirgin Cessna 172 mai Garmin G1000 (na'urar alluna biyu mai nuna bayanan tuƙi), alamomi sun yi wa allon gaban matuƙi yawa idan an kunna ƙaramar taswira da hoton ƙasa na kwamfuta da kibiyoyi biyu masu nuna alkibla. Wanne ya kamata a bari yayin sauka da ILS (siginar rediyon filin jirgi mai jagorar sauka) ko RNAV (sauka da GPS), wanne za a kashe?

Kyaftin_Sama: Wa alaikumus salam. Kafin maganar kashe wani abu, fara da launin allurar CDI, mai nuna kaucewa daga hanya. Shunayya na nufin GPS take bi, kore kuma VOR (tashar rediyo ta ƙasa mai nuna hanya) ko lokalaiza (siginar ILS mai nuna tsakiyar titin sauka). Idan an ba ka ILS allurar tana nan shunayya, to GPS kake bi, ba siginar filin ba. Na'urar takan juya da kanta zuwa kore, amma sai an loda hanyar saukar kuma mitar lokalaiza tana ɓangaren aiki, ba a ajiye take ba. Kada ka zuba mata ido. In ba ta juya ba, danna maɓallin CDI. Alamar gangara da ke gefen ma'aunin tsayi ma haka take: kore a ILS, shunayya a LPV (saukar GPS mai nuna gangara).

Duba kuma rubutun da ke cikin da'irar HSI, wato kamfas ɗin da allurar take ciki. A na'ura mai WAAS (tsarin ƙara daidaiton GPS), idan ta nuna ENR (ana kan hanya), ƙarshen ma'auni mil 2 ne na teku, TERM (kusa da fili) mil 1, wajen sauka kuma ya matse zuwa 0.3 ko ƙasa da haka. Don haka kaucewar allura da ɗigo ɗaya a hanya daban take da ta dab da titin sauka.

Kibiya ɗaya ta isa. Sa BRG1, kibiya ta farko, a kan GPS ko VOR ɗin da za ka nufa idan saukar ta fasa.

Malamin_tuƙi: Gaskiya Kyaftin ya faɗa. Ƙari a kai: danna maɓallin TMR/REF ka sa mafi ƙarancin tsayin da aka yarda a gangaro a BARO (tsayi bisa matsin iska) tun kafin fara gangarowa, muryar za ta sanar da kai idan ka kai. Amma duk wannan ya dogara ne da matsin iskar da ka saka. Kuskuren hektofaskal 1 kusan ƙafa 30 ne. Na 10 kuwa ƙafa 300, wanda ya fi ƙarfin ILS mai iyakar ƙafa 200. Ka daidaita na allo da na ma'aunin ko-ta-kwana, kuma ka tabbata duka biyun ma'auni guda suke amfani da shi, inci ko hektofaskal.

Layin shunayya da ke miƙewa a ma'aunin gudu da na tsayi yana nuna inda za ka kasance bayan daƙiƙa 6. Da bakinsa ya taɓa tsayin da ka zaɓa, fara daidaita hancin jirgi.

Injiniya_172: Akwatunan hanya na hoton ƙasa, a kashe su lokacin koyo. Ɗalibi kan shagala da bin su ya manta da allura. Koren da'irar da ke cikin hoton, mai nuna inda jirgi ya dosa, tana da amfani idan iska na bugun gefe, sai dai daga GPS take samun bayani, ba ta maye gurbin alamar hancin jirgi.

Ɗalibin_IFR: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ƙaramar taswirar fa?

Kyaftin_Sama: Bar ta, ɗan'uwa, amma rage mata kaya da maɓallin DCLTR. Cikakkiyar taswira tana allon dama.