Raunin jiki ya warke amma firgici bai tafi ba: ana biyan diyyarsa?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka. Silin wani babban kanti a nan Kaduna ne ya rufto wa ƙanwata wata biyu da suka wuce. Raunin kanta ya warke, amma ba ta barci, ƙara kaɗan sai ta zabura, har ta daina buɗe shagonta. Masu kantin sun biya kuɗin asibiti, yanzu sun kawo takarda ta sa hannu. Kotu tana duba irin wannan cutar da ido ba ya gani?

Barista:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Kotu tana dubawa. Amma kafin komai, kada ta sa hannu sai lauya ya karanta. Irin takardar nan yawanci cewa take an biya komai an gama, kuma da ta sa hannu ta rufe wa kanta ƙofa.

Abu uku za ta tabbatar: masu wurin na da alhakin kula da lafiyar masu shiga, sun yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo cutar. Inda aka fi faɗuwa shi ne na ukun. Tsoro da ɓacin rai kawai ba su isa ba, sai cuta mai suna wadda likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar, kamar PTSD (firgicin da ke bin mutum bayan mummunan abu ya same shi) ko ciwon damuwa mai tsanani. Ita da abin ya faɗo wa, har ta ji rauni, hanyarta ta fi ta wanda ya gani daga nesa sauƙi.

Diyyar kashi biyu ce. Akwai abin da aka kashe ko aka rasa: magani, kuɗin mota, cinikin shago. Wannan sai an lissafa shi ɗaya bayan ɗaya da rasit ko littafin ciniki, in ba haka ba alƙali zai watsar. Sai ta wahalar da ta sha, wadda alƙali ne ke yanke adadinta.

Malamin jinya, Barnawa:
Hajiya, ku kai ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko asibitin Barau Dikko, cikin makon nan. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma abin nan yana jin magani. Likita ba ya kiran abu PTSD sai alamun sun wuce wata ɗaya, ita kuwa ta wuce.

Kuskuren da ake yawan yi: a shafe wata shida ana addu'a da rubutu a gida ba tare da katin asibiti ba. A yi addu'a, amma a haɗa da likita, don lauyan kantin zai tambaya me ya sa babu wata takarda duk tsawon lokacin. Ta samu ɗan littafi tana rubuta kwanan wata, awa nawa ta yi barci, mafarkin da ta yi, inda ta kasa shiga. Rahoton likita ya faɗi sunan cutar, ranar da ta fara, alaƙarta da hatsarin, da tsawon jinyar da ake sa rai. Ana iya kiran likitan kotu ya yi bayani.

Mai aikin inshora:
Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa gine-ginen da jama'a ke shiga yin inshora. Lauya ya rubuta wa masu kantin ya nemi sunan kamfanin inshorarsu, ya kuma nemi su adana bidiyon kyamarar tsaro yau-yau, don na'urar tana goge tsohon ɗauka da kanta. A karɓi lambobin waɗanda suka gani. In an taɓa kai ƙorafin silin yana yoyo, wannan shaidar ta fi komai nauyi.

'Yar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Barista, dama tana da ɗan tsoro tun tana yarinya. Zai ɓata ƙarar? Kuma ba mu da kuɗin lauya.

Barista:
Ba zai ɓata ba. A doka, mai sakaci yana ɗaukar mutum yadda ya same shi, wato ba zai fake da cewa dama tana da tsoro ba. Ta dai faɗa wa likita gaskiya, ɓoyewar ce ke kayar da ƙara in an tono. Batun kuɗi, ku je ofishin Legal Aid Council na Kaduna, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya, za su duba ko ta cancanta.

Sannan ku bincika waye mai ginin. In na wata hukuma ce, dokar kare jami'an gwamnati na iya taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce tukuna. Kun riga kun ci wata biyu, don haka lauya ya ga takardun kafin Juma'a.