Katin ɗaukar awo na zamanin XP ya ƙi aiki a Windows 11, ina mafita?

Sani_Ogba:

Assalamu alaikum, injiniyoyin wannan zaure. Akwai injin gwada ƙarfin rodi a ɗakin gwajin da nake kula da shi a Ogba. Na'urar auna nauyinsa tana aiko da sigina daga 0 zuwa 10V zuwa katin ɗaukar awo PCI-6024E na kamfanin National Instruments, wanda ake sakawa a ramin PCI a cikin kwamfuta. Manhajar da ke karanta awon an rubuta ta da Visual Basic 6, tana kan kwamfuta mai Windows XP. Akwai kuma sikeli da ke shiga ta bakin haɗi na COM1, da makullin lasisi da ke maƙale a bakin firinta irin na da, mai fil 25.

Tsohuwar kwamfutar ta fara kashe kanta ana tsakiyar gwaji, sai aka sayo sabuwa mai Windows 11. Na sa katin ta adaftar PCIe zuwa PCI. Device Manager ya gan shi, amma da alamar rawaya. Faifan direban, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin, ya ƙi ɗoruwa ko da na zaɓi Compatibility Mode, manhajar kuma tana cewa babu nidaq32.dll. Shin akwai hanyar da zai yi aiki, ko in haƙura?

Injiniya_Bello:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Sunan fayil ɗin da ka ambata ya gama bayanin komai. nidaq32.dll na tsohon direban kamfanin ne, Traditional NI-DAQ, kuma ba a taɓa fitar da shi don Windows mai 64-bit ba. Windows 11 kuwa 64-bit ce kaɗai, ba ta da nau'in 32-bit.

Ka bambance abu biyu. Manhaja mai 32-bit tana iya gudana a Windows mai 64-bit, shi ya sa taka ta buɗe har ta yi ƙorafi. Direban kati kuwa a cikin zuciyar Windows yake zama, dole ya zama 64-bit kuma mai sa hannu. Compatibility Mode manhaja kawai take yaudara game da wace Windows take ciki, ba ta taɓa direba. Kashe binciken sa hannu ma ba zai amfane ka ba, domin matsalarka ba ta sa hannu ba ce. Kada kuma ka kwafo nidaq32.dll daga wani shafin intanet ka jefa a SysWOW64, fayil ɗin ƙofa ce kawai, direban da take buɗewa babu shi.

Wani zai ce ka ɗora sabon direban, NI-DAQmx. Idan katinka na cikin jerin na'urorin da ke takardar bayanin nau'in da ka sauko, Windows za ta gane shi, alamar rawaya ta tafi. Amma manhajarka ba za ta motsa ba, saboda tana kiran umarni irin su AI_VRead da DAQ_Op, sabon direban kuwa umarninsa daban ne gaba ɗaya. Sai an sake rubuta sashen karanta awo, kuma hakan na buƙatar ainihin rubutun manhajar, ba fayil ɗin exe kaɗai ba.

Don haka idan ba ku da wannan rubutun, shawarata ita ce ku nemi kwamfutar ofis tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita, ta ƙarni na uku na Intel Core, mai chipset (guntun da ke sarrafa ramukan madabod, babban allon kwamfuta) Q77 ko B75. Dalili shi ne waɗannan suna da ramin PCI na asali, daga jerin 8 zuwa sama Intel ta cire shi, duk ramin PCI da ka gani a sababbin madabod ta wata gada yake bi. Dell OptiPlex 7010 da HP Compaq Elite 8300 suna cikin wannan rukuni, ana samunsu a kasuwar Computer Village. Ka ɗauki mai dogon akwati, ba siririyar ba, ka sa a buɗe maka murfi ka ga ramin da idonka. Ka tafi da katin ka gwada: a gefen katin da ke shiga rami, tsagar da ke nesa da ƙarfen baya ta 5V ce, ta kusa ta 3.3V ce, mai tsaga biyu yana shiga ko'ina.

Tsarin ɗorawa yana da muhimmanci. A BIOS ka mayar da SATA zuwa IDE, a Dell sunansa ATA, in ba haka ba XP za ta tsaya da shuɗin allo mai lamba 7B. Ka ɗora XP SP3 sabuwa da lasisinku, sannan direbobin madabod, sannan NI-DAQ daga faifanku, katin yana waje. Sai ka kashe, ka zare wuta, ka sa kati. Bayan nan ka buɗe manhajar saiti ta kamfanin, Measurement & Automation Explorer, ka tabbatar lambar na'urar ta yi daidai da ta tsohuwar kwamfuta. Yawancin irin waɗannan manhajoji lamba 1 suke nema, idan katin ya zama 2 za ta ce ba ta ga komai ba.

Inj_Maryam_Yaba:

Bayanin Injiniya Bello ya yi, amma ni da wani abu zan fara. Malam Sani, yau ɗin nan, kafin a sayi komai, ka kwafe faifan tsohuwar kwamfutar dungurungum da manhajar kwafi ta Clonezilla, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban. Lambobin daidaita na'urar nauyin galibi suna cikin wani ƙaramin fayil na ini ko cikin registry, ma'ajiyar saitin Windows, ba sa kan faifan ɗorawa. Idan faifan tsohuwar kwamfutar ya mutu, kun rasa abin da ya fi katin tsada.

Sannan kwamfutar da ke kashe kanta ba lallai ta mutu ba. A duba kafasitocin da ke kewaye da furosesa, duk wanda kansa ya kumbura ko ya zubo a canza shi da mai daidai ƙimarsa, mai jure 105°C. A canza akwatin wuta, a goge ƙura, a sa sabon man sanyaya furosesa da batirin CR2032. Da damshin Legas da zafin ɗakunanmu, waɗannan ne suka fi kayar da tsofaffin injuna. Idan ta tashi, sai wadda za ku sayo ta zama ta ajiya.

Makullin lasisin nan kuwa shi zai fi ba ka wahala. Wayar USB zuwa bakin firinta da ake sayarwa ba za ta yi ba, Windows tana ganinta a matsayin firinta ce kawai, ba LPT (ainihin bakin firinta irin na da) ba. Ka nemi kwamfutar da ke da filolin LPT a kan madabod, ka sa masa wayarsa, ka saita adireshinsa 378 a BIOS. Katin LPT na sakawa yana karɓar wani adireshi can sama, tsofaffin direbobin makulli da dama ba sa leƙawa can.

Sani_Ogba:

Na gode ƙwarai, Injiniya, na gode Hajiya. Rubutun manhajar ba ya hannunmu. To idan na ɗora XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata Windows a cikin wata, a kan sabuwar kwamfutar fa? Masu kamfanin ba sa son ganin XP a ofis tun da Microsoft ta daina tallafa mata a 2014.

Injiniya_Bello:

Ba zai yi ba. VirtualBox da VMware Workstation a kan Windows suna miƙa USB da COM ga kwamfutar da ke ciki, amma ba sa miƙa katin PCI. Ana iya yi da manhajoji irin su Proxmox ko ESXi a kwamfutar da ke da VT-d, fasahar Intel ta miƙa kati kai tsaye, sai dai tsohon kati da ke bayan gada yakan ba da matsala wurin musayar bayanai da kwamfutar, ga makulli kuma yana jiranka. Injin da sakamakonsa ke shiga takardar shaidar inganci bai dace da irin wannan gwaji ba.

Damuwar masu kamfanin gaskiya ce, maganinta shi ne killacewa. Kada XP ɗin ta ga intanet ko sadarwar ofis. Sakamako ya fita ta filasha guda ɗaya da aka ware, a kashe Autorun. Sabuwar mai Windows 11 ta yi aikin rahoto. Kuma tun yanzu a sa kuɗin sabuwar manhaja da na'urar awo ta zamani a kasafi, don kati da makullin nan ba za su dawwama ba.

Auwal_Apapa:

Ƙari kan sikelin. Kwamfutocin da Injiniya ya ambata suna da COM a bayansu, da shi za ka yi amfani. In dole sai adaftar USB, ka nemi mai guntun FTDI na asali, masu arha da yawa jabu ne, su ne ke nuna Code 10. A Port Settings, cikin Advanced, ka mayar da lambarta COM1, domin tsofaffin manhajoji da yawa ba sa wuce COM4, ka kuma rage Latency Timer daga 16 zuwa 1. Gudun sadarwa da parity ka kwafo su daga tsohuwar.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, manhaja ta buɗe ba ya nufin awo ya yi daidai. Katin nan 12-bit ne, a zangon ±10V kowane mataki kusan 4.9mV ne. Ka duba yadda aka haɗa wayoyi a akwatin haɗi: idan sigina tana kan ACH0 da ACH8, haɗin bambanci ne, dole saitin ya zama differential. In aka bar shi a wani saitin za ka ga lambobi masu kama da gaskiya amma karkatattu. Ka ba katin 0V, 5V da 9V daga tushe mai tsayayyen ƙarfi, ka kwatanta da maltimita mai kyau, sannan a kira masu daidaita injin su gwada da na'urarsu kafin a fitar da sakamako ko ɗaya.

Ka yi wannan gwajin sau biyu, a wutar NEPA da kuma a janareta. Idan karatun yana rawa a janareta kaɗai, ka duba wayar ƙasa: kwamfuta da amfilifayar na'urar nauyi su sha wuta daga soket ɗaya ta UPS ɗaya, rigar wayar sigina kuma a haɗa ta da ƙasa a gefe guda kawai.