Jini a dasashi: wa ya taɓa fama da shi?

Maman Ummi, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan duk safiya in na yi aswaki sai na tofar da jini. Ba zafi, shi ya sa na share. Jiya Ummi ta kawar da kai ta ce, "Mama, bakinki na wari." Abin ya tsaya min a rai.

Alhaji mai goro, Kejetia:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kar ki share. Nawa haka ya faro, na ɗora laifin a kan goro, na yi shekaru ina kurkure baki da ruwan gishiri da kanumfari. Dasashin ya riƙa ja da baya, haƙoran suka yi tsawo kamar ba nawa ba. Ranar Sallah na gatsa nama, sai ga haƙorin ƙasa yana girgiɗi. Likita ya ɗauki hoto, ya nuna min ƙashin da ke riƙe haƙoran ya zaizaye, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa. Uku aka cire. Ina da ciwon suga, kuma a wannan lokacin awona ya ƙi sauka duk da magani. Ashe ciwukan biyu suna rura wa juna wuta ne. Sai bayan an kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran na ga sauƙi.

Maman 'yan biyu, Asawase:
Yaya, ko kina da ciki? Ni a wata na biyar dasashina ya kumbura, ko burodi na ci sai jini. Nas a wurin awo ta ce ciki na jawo haka, amma in ci gaba da goge baki sau biyu a rana da burushi mai laushi, in ga likitan haƙori.

Direban trotro (motar haya), Sabon Zango:
Ni mugunya ce ta taru, kunci ya haye har ido, ga zazzaɓi. Na sayi kafso a kemis, ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. A asibiti aka tsaga. Likita ta ce ƙwayoyin cutar kan iya shiga jini, kuma sigarina na ɓoye alamun.

Maman Ummi:
Ba ciki, amma mahaifiyata na da suga, ni kuwa ban taɓa awo ba. Alhaji, kankarewar nan da zafi?

Alhaji mai goro:
Tsami-tsami na kwana biyu. Ki tafi da katin inshorar lafiyarki, ki tambaya ko ya shafi wannan aikin. Ki ce su auna miki suga ma.