Ƙanena ya rantse ba zai koma Libiya ba, yanzu kuma yana haɗa kuɗin mota

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ƙanena ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Libiya. A bayan Hilux aka loda su, kowa ya rungume sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Bayan sun wuce Dirku motar ta lalace cikin sahara, wasu ba su kai ba. A Sabha kuma aka tsare shi, sai da muka sayar da gonar gado muka tura kuɗin fansa. Ranar da ya dawo ya dafa Alƙur'ani gaban Hajiya, ya ce shi da hanyar nan har abada.

To tun da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a ƙarshen 2023, abokai suke ta hure masa kunne, wai hanya ta buɗe. Yanzu har ya sayar da babur ɗinsa. Na yi lallashi, Kawu ya yi faɗa, ko a jikinsa. Hajiya ba ta sani ba, ga ta da hawan jini.

In faɗa mata ne ko in yi shiru? Malamai, kaffara kaɗai ta isa ta warware irin wannan rantsuwa? Wanda ya taɓa shawo kan yaro irin wannan, ta ina ya ɓullo masa?